Ramin Makullin Usta Idirisu

A Umbadda, wata unguwa a gefen birnin Omdurman, idan kana son sanin gidan da babban magini Usta Idirisu ya gina, ba sai ka tambayi kowa ba. Ka dubi gefen ƙofa ta hannun dama, daidai kafaɗar mutum. Idan ka ga wani ɗan rami siriri a jikin bango, tsawon tafin hannu, faɗin yatsu biyu, to aikinsa ne. Ramin makulli ake ce masa. Mai fita ya kulle ƙofa ya jefa makullin a ciki, mai dawowa ya zura yatsu ya ɗauka. Har ɓarayin unguwa sun san wurin, sai dai su ma sun san abin da ke cikin ɗakunan Umbadda bai kai a sha wahalar juya makulli ba. Mutane sun saba da ramin nan har ya zama ko babu komai a ciki, hannu kan kai wurin da kansa ya taɓa, shiga da fita.

Idirisu yana da ƙa'ida a kan abinsa. Ba ya yi wa shago, ba ya yi wa rumfa, ba ya yi wa ɗakin haya ko da za a roƙe shi. Yakan ce mai wucewa ya riƙe makullinsa a aljihu, rami na wanda ya zo zama ne. Idan kuma aka tambaye shi inda ya samo dabarar, sai ya nuna kansa da yatsa. Gaskiyar magana, a wurin maigidansa marigayi Usta Ibrahim Khalil ya koya, tun suna gyaran tsofaffin gidaje a unguwar Masalma cikin Omdurman. Amma shekaru sun tura, mai shaida ya kwanta dama, kuma Idirisu ya faɗi maganar nan sau da yawa har shi kansa ya yarda da ita.

A tsakar gidansa akwai wani ɗaki na jan bulo wanda ya fi kowane ɗaki kyau, har da nasa. Ya gina shi ne don ɗansa Munir, kafinta, wanda ya tafi Turai neman aiki tun yana ɗan saurayi mara gemu. Yanzu gemun ya cika fuska, Munir bai dawo ba. Ɗakin a kulle yake, makullin yana cikin raminsa. Duk Juma'a Idirisu zai buɗe, ya share ƙurar da ba wanda ya kawo, ya dubi rufi, ya sake kullewa.

A gaban ɗakin nan kuwa, ƙarƙashin rumfar kara, Amna ce ke kwana da 'ya'yanta biyu. 'Yar yayan matarsa Khadiga ce, ambaliya ta cinye musu gida a ƙauye suka taho da abin da hannu ya iya ɗauka. Amna ba ta taɓa cewa uffan ba. Khadiga ce ke faɗa a madadinta, safe da yamma, kamar shan magani.

"Abu Munir, damina ta kusa. Yaran nan a rumfa za su sha ruwan, ɗaki kuma yana can yana ajiyar iska?"

"Ɗakin yana da mai shi."

"To mai shi yaushe zai zo? Ka taɓa tambayarsa?"

Nan ne ciwon yake. Idirisu mutum ne da ba ya shayin mai kwangila ko injiniya, amma tambayar nan guda ɗaya ta gagare shi. Duk lokacin da Munir ya kira, sai ya tambaye shi sanyi, ya tambaye shi abinci, ya tambaye shi ko katakon can yana da gara. Tsoron amsar yake ji, ba wani abu ba. Wannan karon dai ya yi wa Khadiga alkawari: ranar Juma'a idan yaron ya kira, zai sa shi ya faɗi ranar dawowa.

Juma'ar ta zo. Bayan la'asar ya saka farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya fesa turare, kamar waya tana jin ƙamshi. Ya zauna a bakin gadon igiya, Khadiga ta ajiye butar gahawa a gefe ta riƙe wayar, domin in shi ya riƙe, kunnensa kawai Munir ke gani. Amna tana nesa kaɗan tana tsintar shinkafa.

Fuskar Munir ta bayyana, cikin wata riga mai kauri. Bayan gaisuwa, tun uban bai gama gyara murya ba, yaron ya riga shi.

"Yaba, yau yawo zan kai ka. Akwai abin da nake so ka gani da idonka. Gidan tarihin Yahudawa ne na garin nan."

"Na Yahudawa? Me ya haɗa ni da su?"

"Kai dai ka bari mu shiga. Fara ganin ginin tukuna."

Ya juya wayar. Idirisu ya matso da fuska, ya ja baya, ya sake matsowa.

"Um Munir, miƙar da wayar nan, kin karkatar da ita."

"A miƙe take."

"Ba a miƙe take ba. Ga gini nan yana neman faɗuwa."

Munir ya yi dariya daga can. "Yaba, wayar tamam take. Haka ginin yake."

Abin da Idirisu ya gani wani dogon gini ne mai fatar ƙarfe, ya lanƙwashe nan, ya karye can, ba kusurwa ɗaya da ta yi daidai da 'yar uwarta. Tagogin kuwa ba tagogi ba ne, wasu tsage-tsage ne a karkace, kamar an ba yaro wuƙa da kabewa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da igiyar awonsa mai darma a ƙasa, ya sake ta a gaban wayar, ya rufe ido ɗaya. Igiyar ta tsaya cak, bangon ya kama gabansa.

"La haula. An kama shi?"

"Wa?"

"Maginin."

"Lambar yabo aka ba shi, Yaba. Babban muhandis ne, wato injiniyan gini, daga ƙasashe ake zuwa kallon aikinsa."

"To ai dole a zo kallo. Ni ma da na yi irin wannan a Umbadda, har daga Bahri, can hayin kogi, za a zo kallona."

Amna ta sunkuyar da kai cikin tiren shinkafa, kafaɗunta suna rawa.

Munir ya shiga ciki. Wani dogon lungu ne, ƙasan yana hawa a hankali, bango yana matsowa, rufi yana saukowa. Hoton ya riƙa tangaɗi, Idirisu ya dafe gefen gado.

"Kai, tsaya da kyau mana. Ka ci abinci kuwa?"

"Daɓen ne ba daidai ba. Da gangan aka yi shi. Wai so ake mai tafiya ya ji yadda mutum ke ji idan an raba shi da garinsu, ƙafa ba ta samun inda za ta tsaya sosai."

"Da gangan," in ji Idirisu, yana duban Khadiga. "Kin ji. Shekara nawa ina korar leburori saboda daɓe mara daidai, ashe manyan muhandisai nake kora ban sani ba."

Haka suka yi ta tafiya, Munir yana nuna akwatunan gilashi masu fitilu da littattafai da kayan ɗinki da hotunan aure, uban yana kallon abin da ke bayansu. Shi ba abin da ya dame shi sai haɗin bango da rufi. Ya tambayi ta ina ruwan sama ke fita. Ya tambayi in mutum zai jingina gado a wannan bango yaya zai yi. Ya ce siminti dai mai kyau ne, wannan ba zai hana su ba, an dai zubar da shi a banza. Khadiga kuwa hotunan auren ne suka ɗauke mata hankali, ta ce amaryar can mai lulluɓi ta yi kama da wata maƙwabciyarsu ta unguwar Banat.

Sai Munir ya tura wata ƙofa mai nauyi ya shiga wani wuri. Hoton ya yi duhu. Ɗaki ne dogo ƙwarai zuwa sama, siminti tsirara, ba kujera, ba hoto, ba fitila, sai wani siririn haske daga can ƙololuwa.

"Nan kuma kuɗin ne ya ƙare musu?" in ji Idirisu.

Muryar Munir ta yi ƙasa. "A'a, Yaba. Nan an bar shi haka ne saboda waɗanda aka kashe. Lokacin babban yaƙin Turai an tattara su, maza da mata da yara, miliyoyi, aka hallaka. Da yawansu ko cokali ba su bari ba da za a saka a gilashi. Shi ne aka bar musu wurin ba komai."

Idirisu ya sauke igiyar awon a kan cinyarsa. Kunya ta kama shi, ta maganar da ya yi. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Khadiga, wadda tun da aka ce ɗaki ba komai ta buɗe baki tana duban ɗakin jan bulo, ta ga nan ba wurin tsokana ba ne, ta mayar da bakinta ta rufe.

Da suka fito haske, Munir ya hau wani bene, ya ratsa ɗakuna biyu, ya tsaya.

"To, Yaba. Ga abin da na kawo ka gani."

Wani tsohon dutsen gefen ƙofa ne aka ciro daga wani gida aka kafa shi a tsaye. A jikinsa, ta hannun dama, daidai kafaɗar mutum, akwai ɗan rami siriri, tsawon tafin hannu, faɗin yatsu biyu.

Idirisu ya miƙe tsaye, rawaninsa ya zame.

"Um Munir, kina gani? Amna, zo ki gani. Sun sace mini." Ya nuna wayar da yatsa. "Ramina ne wannan, ko makaho ya shafa ya sani. Wani ɗan Umbadda ne ya je can ya ba su labari. Munir, nemo mini shugaban wurin nan."

"Yaba, dutsen nan ya girmi kakan kakanka."

"To ta ina suka gani?"

"Kai ta ina ka gani?" in ji Khadiga, tana zuba gahawa ba tare da ta dube shi ba.

Ya kai yatsa zai nuna kansa, yatsan ya tsaya a hanya. Wani abu da ya daɗe da binnewa ya taso masa: shi yaro, ɗauke da kwanon yaɓe a ka, a wani babban gida mai baranda a Masalma. Usta Ibrahim Khalil ya tsaya a bakin ƙofa yana zura yatsu cikin wani rami, yana cewa, masu gidan nan sun yi dabara, dubi inda suke ajiye makulli. Gidan wasu 'yan kasuwa ne da suka bar ƙasar tun kafin a kira su gyara. Har ƙofar kicin akwai ramin, kuma a lokacin Idirisu ya yi mamakin mutanen da ke kulle kicin.

Ya zauna a hankali. "Gidajen Masalma," ya ce. "Ashe na Yahudawa ne."

"Wasunsu," in ji Munir. "Kuma ba na makulli ba ne, Yaba. Wani ɗan kwanso suke sakawa a ciki, da takarda mai ayoyin Attaura. In za su shiga ko za su fita sai su taɓa."

"Su taɓa?" Khadiga ta ajiye butar. Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. "Abu Munir, rabin Umbadda ka koya wa. Har gidan liman ka yi wa guda biyu."

"Ki yi mini shiru, Hajja," in ji Idirisu. Yana ta lissafin gidajen a zuci, layi bayan layi, har da na wani mai wa'azi da ba ya raga wa kowa. "Munir, me aka rubuta a takardar? Faɗa mini gaskiya."

Munir ya karanta bayanin da ke gefe. "Farkonta dai cewa take, Ubangiji Allahnmu ɗaya ne."

Idirisu ya saki numfashi. Ya gyara rawani. "To, wannan ai ba abin gardama ba ne. Ki daina dariya, kin ji abin da aka ce." Ya ƙara leƙa wayar. "Amma ina kwanson? Na ga ramin wayam."

"In za su bar gida gaba ɗaya, sukan cire abinsu su tafi da shi. Ramin kawai ke saura. Shi ya sa kuka tarar da na Masalma ba komai."

Wannan maganar ta zauna wa Idirisu a ƙirji. Shekara da shekaru yana yi wa mutane alamar zama a bakin ƙofa, ashe abin da ya kwaikwaya gurbin waɗanda suka tashi ne. Ya saci kallon ɗakin jan bulo. Ya tuna alkawarin da ya yi, ya ga Khadiga tana kallonsa ta saman kofi. Ya buɗe baki zai yi tambayar, sai wata ta fito a madadinta.

"Kai wa ya kai ka wurin nan?"

Munir ya sami benci ya zauna, ya juyo da wayar fuskarsa. Ya shafa gemu, irin yadda uban ke yi in zai faɗi abin da ba ya so.

"Wata tsohuwa ce maƙwabciyata, Bayahudiya. Kullum tana ganina in zan fita ina taɓa gefen ƙofa. Rannan ta tare ni a matakala, ta riƙe hannuna tana ta yi mini magana da wani yare, har da hawaye. Da ƙyar na fahimtar da ita ni Musulmi ne daga Omdurman, kuma na makulli ne. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ita ce ta ce in zo nan in gani."

"Me kake taɓawa a gefen ƙofar?"

"Bangon can ba ya sassaƙuwa, Yaba. Sai na yi ɗan akwati na katako, daidai awon naka, na kafa. Ba na ma saka makulli, a can ba a barin makulli a waje. Kawai ƙofar ce ba ta yi mini kama da ƙofa ba sai da shi."

Khadiga ta ce, "Allah sarki," tana murmushi. Ita abin ya yi mata daɗi. Idirisu ma ya ji daɗin, na ɗan lokaci kaɗan, kafin ɗaya ma'anar ta iso.

"Munir."

"Na'am, Yaba."

"Ka san ƙa'idata a kan ramin nan."

Munir ya sunkuyar da kai.

"Na sani, Yaba."

Shi ke nan. Tambayar da ya yi shekaru yana kewaya ta, ga amsarta ta zo ba tare da ya yi ta ba. Idirisu ya ji tsufa ya sauko masa lokaci ɗaya. Munir ya fara bayani da sauri, rabi Hausa rabi Larabci, wai aiki ya zauna, wai zai riƙa zuwa hutu in sha Allah, wai ya daɗe yana neman yadda zai faɗa. Uban ya ɗaga hannu.

"Kana da hoton ƙofar?"

Hoton ya shigo. Farar ƙofa ce a wani lungu mai tsabta, da ɗan akwatin katako a gefen dama, an goge shi yana sheƙi. Idirisu ya ce wa Khadiga ta riƙe wayar da kyau. Ya ɗauki igiyar awonsa ya saka a gaban hoton, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe a haka, fiye da yadda awo ke bukata, domin idon da ya bari a buɗe ba ya gani sosai.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Amma ya karkata hagu kaɗan. Ka cire ka sake kafawa. Tunda zama za ka yi, kada ka zauna da karkataccen abu a bakin ƙofa."

"To, Yaba," in ji Munir.

Aka kashe wayar. Idirisu ya naɗe igiyarsa a hankali, ya tashi ya nufi ɗakin jan bulo. Ya zura yatsu a ramin ya ciro makullin, ya buɗe ƙofar, ya tura ta har bango. Maimakon ya ɗauki tsintsiya kamar kowace Juma'a, sai ya juyo.

"Amna, 'yata, kwaso kayanku."

Amna ta miƙe da tiren a hannu, ta dubi Khadiga, ta dube shi. "Baba, ɗakin Munir ne."

"Munir ya yi nasa ramin. Zo ki karɓa."

Ta goge hannu a gefen mayafi, ta karɓi makullin da hannu biyu. Ta rasa inda za ta sa shi, ta fara ƙoƙarin ƙulle shi a bakin mayafinta.

"A'a," in ji Idirisu. "Wannan na masu wucewa ne." Ya nuna mata gefen ƙofa. "Ga wurinsa nan."